BABI NA BIYU: TARIHIN BINCIKE A KAN TASIRIN MAGUNGUNAN CIWON DAMUWA GA ƘWAYOYIN GARKUWAR JIKI

2.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayanin ma'anar ciwon damuwa da alamominsa, an kuma nuna bambancinsa da ɓacin ran yau da kullum wanda ba ya rasa samun kowane ɗan Adam. A wannan babi kuwa za a bi diddigin tarihin wata tambaya wadda masana suka daɗe suna kai da komowa a kanta, wato: idan mai ciwon damuwa ya sha maganin wannan ciwo, me maganin yake yi wa ƙwayoyin garkuwar jikinsa? Tambayar tana da muhimmanci domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 kimanin mutum miliyan 280 ne suke fama da wannan ciwo, kuma da yawa daga cikin masu shan magani ba sa samun sauƙi da maganin farko da aka ba su. Abin da babin zai yi ƙoƙarin nunawa shi ne, binciken bai kai ga tabbatar da cewa ciwon damuwa cuta ce ta garkuwar jiki ba. Abin da ya haifar shi ne fahimtar cewa masu ciwon ba iri ɗaya ba ne, kuma jininsu na iya nuna wannan bambanci.

Kafin a shiga cikin tarihin, ya kamata a fayyace wasu kalmomi. Abin da ake nufi da ƙwayoyin garkuwar jiki shi ne fararen ƙwayoyin jini da danginsu. Daga cikinsu akwai limfosait, masu gane baƙuwar cuta su yi mata tanadi, akwai kuma monosait da makrofaj, masu haɗiye ƙwayoyin cuta. Waɗannan ƙwayoyi suna aika wa juna saƙo ta hanyar wasu sinadarai da ake kira saitokin. Wasu saitokin, kamar IL-1 da IL-6 da TNF, suna rura kumburi da zazzaɓi, wasu kuma, kamar IL-10, suna kwantar da su.

2.1 Asalin Magungunan (1951 zuwa 1988)

Wani abin lura a tarihin waɗannan magunguna shi ne, ba domin ciwon damuwa aka fara haɗa su ba. A shekarun 1951 da 1952 likitoci biyu, Selikoff da Robitzek, sun gwada wasu sababbin magungunan tarin fuka a asibitin Sea View da ke birnin Niyok a Amurka. Ɗaya daga cikinsu shi ne ifuroniyazid. Sai aka lura marasa lafiyar da suka sha shi sun sami walwala da son cin abinci fiye da yadda halin huhunsu zai iya bayyanawa. A shekarar 1957 Nathan Kline da abokan aikinsa suka ba da rahoton cewa maganin yana taimakon masu ciwon damuwa. An sayar da shi da sunan Marsilid, amma a 1961 aka janye shi daga kasuwar Amurka saboda illar da yake yi wa hanta.

A daidai wannan lokaci ne Roland Kuhn, wani likitan ƙwaƙwalwa a asibitin Münsterlingen a ƙasar Siwizalan, ya gwada wani sinadari na kamfanin Geigy. Bai yi wa masu taɓin hankalin da aka yi niyya amfani ba, amma ya farfaɗo da masu ciwon damuwa. Kuhn ya buga sakamakonsa a 1957, kuma wannan magani shi ne imifiramin, wanda aka sayar da sunan Tofranil. Abin da ya shafi wannan bincike a nan shi ne tsatson maganin. Ya fito ne daga zuriyar sinadaran da ake nazari domin maganin borin jini da atishawa, wato masu toshe aikin histamin. Shi kuwa histamin, wasu ƙwayoyin garkuwar jiki ne suke fitar da shi. Ke nan tun daga tushe akwai dangantaka tsakanin maganin da garkuwar jiki, sai dai a lokacin hankalin masana ba a nan yake ba.

Hankalinsu yana kan ƙwaƙwalwa ne. Schildkraut (1965) ya kawo ra'ayin cewa ƙarancin sinadarin noradirenalin a ƙwaƙwalwa ne yake jawo ciwon, shi kuma Coppen (1967) ya karkata ga sirotonin. A kan wannan ra'ayi na biyu aka gina rukunin magungunan da suke hana ƙwayoyin jijiya sake zuƙe sirotonin bayan sun fitar da shi. Na farko da ya shiga kasuwa shi ne zimelidin na kamfanin Astra a Siwidin, wanda aka sayar da sunan Zelmid a 1982, kuma shi ma daga wani maganin borin jini aka samo fasalinsa. Bai yi tsawon rai ba. A 1983 aka janye shi bayan wasu 'yan tsiraru daga cikin masu shan sa sun kamu da cutar Guillain-Barré, wadda a cikinta garkuwar jiki take juyawa ta far wa jijiyoyin mai ita har gaɓoɓi su shanye. Wannan shi ne babban gargaɗi na farko cewa maganin da aka yi domin ƙwaƙwalwa yana iya taɓa garkuwar jiki. Fulokzetin, wanda aka amince da shi a Amurka a ƙarshen 1987 aka kuma sayar da sunan Prozac, shi ya gaji gurbinsa ya yi suna a duniya.

2.2 Zamanin Ra'ayin Raunin Garkuwa (1975 zuwa 1990)

Har zuwa tsakiyar shekarun 1970 yawancin masana suna ɗaukar garkuwar jiki a matsayin tsari mai zaman kansa, wanda ƙwaƙwalwa ba ta da iko a kansa. Aikin Ader da Cohen (1975) a Jami'ar Rochester shi ya girgiza wannan fahimta. Sun ba ɓeraye ruwa mai zaƙin sakarin tare da allurar wani magani mai danne garkuwar jiki. Bayan wani lokaci sai suka ba su ruwan zaƙin kaɗai ba tare da allurar ba, amma duk da haka garkuwar ɓerayen ta yi ƙasa. Wato ƙwaƙwalwa ta haddace darasin, ta kuma isar da shi ga jini. A shekarun 1980 David Felten da abokan aikinsa suka nuna hanyar da saƙon zai iya bi, domin sun gano zaren jijiyoyi da suke shiga cikin saifa da kaluluwa, inda limfosait suke taruwa.

Daga ɓeraye sai aka koma kan mutane. Bartrop da abokan aikinsa (1977) a Ostireliya sun auna jinin mutum 26 da mazajensu ko matansu suka rasu, suka tarar limfosait ɗinsu ba sa hayayyafa yadda ya kamata idan aka zuga su a ɗakin gwaje-gwaje. Kronfol (1983) da Schleifer (1984) suka sami kwatankwacin haka a jinin masu ciwon damuwa da aka kwantar a asibiti. Irwin kuma ya nuna raguwar kuzarin wani nau'in limfosait da ake kira NK, masu hallaka ƙwayoyin jikin da bairos ya shiga ko waɗanda suka fara zama sankara. Saboda haka ra'ayin da ya yi rinjaye a wannan zamani shi ne ciwon damuwa yana raunana garkuwar jiki, kuma abin da ake fata shi ne magani ya tayar da ita.

Sai dai wannan ra'ayi ya gamu da cikas daga cikin gida. Schleifer ɗin nan ya sake yin binciken a 1989 da marasa lafiya 91, aka daidaita su da masu lafiya ta fuskar shekaru da jinsi, sai bambancin ya ɓace idan aka ɗauke su gaba ɗaya. Raunin ya fi bayyana ne ga tsofaffi da waɗanda ciwonsu ya yi tsanani. Wannan sakamako yana da muhimmanci a tarihin fannin, domin shi ne ya fara nuna abin da zai yi ta maimaituwa daga baya, wato abin da aka gani a wani rukuni na marasa lafiya ba lalle ne ya game kowa ba.

2.3 Juyawa Zuwa Ra'ayin Kumburi (1988 zuwa 2001)

Sauyin tunani ya zo ne ta wata ƙofa dabam. Hart (1988), wani masanin lafiyar dabbobi, ya yi nazarin halin da dabba take shiga idan ta kamu da cuta: ta ƙi ci, ta keɓe kanta, ta yi ta barci, ta daina sha'awar komai. Ya ce wannan hali dabara ce ta jiki domin tattalin ƙarfi a yaƙi cutar. Daga baya aka tabbatar cewa saitokin ne suke haifar da shi. Duk wanda ya dubi waɗannan alamomi zai ga kamanninsu da na ciwon damuwa. A kan haka Ronald Smith (1991) ya buga wata gajeriyar maƙala inda ya kawo hasashen cewa yawan saitokin da makrofaj suke fitarwa ne yake jawo ciwon damuwa. Smith bai yi gwaji a kan marasa lafiya ba, hasashe ne ya gina a kan ayyukan wasu. Wanda ya tara hujjojin awo shi ne Michael Maes na ƙasar Beljiyam, wanda a farkon shekarun 1990 ya buga jerin bincike masu nuna ƙaruwar IL-1 da IL-6 da wasu sinadaran kumburi a jinin masu ciwon damuwa.

Da zarar aka karɓi wannan ra'ayi, sai tambaya a kan magani ta juya. A da ana tambaya ko magani yana ƙarfafa garkuwa, yanzu kuma sai aka koma tambaya ko yana kwantar da ita. Xia da abokan aikinsa (1996) sun zuba imifiramin da kilomifiramin da sitalofuram a kan monosait da aka ciro daga jinin mutane, suka ga fitar IL-1 da IL-6 da TNF ta ragu. Maes (1999) ya gwada kilomifiramin da satiralin da tirazodon a kan jinin masu lafiya, ya tarar sun rage intaferon-gama mai rura kumburi idan aka kwatanta da IL-10 mai kwantar da shi. Abin da ya ja hankali shi ne, magungunan ba 'yan gida ɗaya ba ne, amma sun ba da sakamako mai kama da juna.

Ta yaya maganin ƙwaƙwalwa zai sami mariƙa a jikin ƙwayar jini? Amsar tana cikin sirotonin kansa. Kimanin kashi 90 cikin ɗari na sirotonin da ke jikin mutum a hanji ake yin sa, kuma a cikin jini ƙwayoyin daskarar da jini ne suke ɗauke da mafi yawansa. Ƙofar da suke zuƙar sa da ita iri ɗaya ce da ta ƙwayoyin ƙwaƙwalwa, an kuma gano irin wannan ƙofa a jikin limfosait. Ke nan maganin da ya toshe ta a ƙwaƙwalwa ya toshe ta a jini. Wannan ne ma dalilin da ya sa masu shan irin su fulokzetin suke da ɗan ƙarin haɗarin zubar jini. Akwai kuma hanya ta biyu: kumburi yana tayar da wani sinadari da ake kira IDO, wanda yake karkatar da tiriftofan, wato abin da jiki yake gina sirotonin da shi, zuwa wasu sinadarai masu iya cutar da ƙwayoyin jijiya.

Hujja mafi ƙarfi a wannan zamani ta zo ne daga ɓangaren masu ciwon sankara da ciwon hanta, waɗanda ake yi wa allurar intaferon-alfa. Shi wannan magani saitokin ne, kuma likitoci sun lura yana jefa mutanen da ba su taɓa ciwon damuwa ba cikin ciwon. Musselman da abokan aikinta (2001) a Jami'ar Emory sun ɗauki mutum 40 masu sankarar fata, suka ba wasu farokzetin, wasu kuma ƙwayar wofi wadda babu magani a cikinta, tun makonni biyu kafin a fara allurar. A cikin makonni 12, kashi 45 cikin ɗari na masu shan ƙwayar wofi sun kamu da ciwon damuwa, alhali kashi 11 ne kawai a cikin masu shan farokzetin. Capuron (2002) ta sake duba waɗannan marasa lafiya, ta ga maganin ya fi tasiri a kan baƙin ciki da fargaba, bai yi wani abin kirki a kan gajiya da rashin cin abinci ba. Duk da haka ya kamata a lura cewa wannan gwaji ya nuna ne saitokin na iya jawo ciwon, kuma magani na iya hana shi. Bai nuna cewa ta hanyar ƙwayoyin garkuwa maganin ya yi aikinsa ba, domin yana yiwuwa ƙwaƙwalwa ce kawai ya kare.

2.4 Daga Ɗakin Gwaji Zuwa Jikin Mara Lafiya (2001 zuwa 2022)

Abin da ya fito sarari a kwalbar gwaji bai fito haka a jikin marasa lafiya ba. Wasu ƙananan bincike sun ba da sakamako mai ban sha'awa. Alal misali, Frank (1999) ya ga kuzarin ƙwayoyin NK ya ƙaru bayan magani ga waɗanda nasu yake ƙasa tun farko, Himmerich (2010) kuma ya ga ƙaruwar wani nau'in limfosait masu tsawata wa garkuwa idan ta wuce gona da iri. Amma da aka zo tattara bincike da yawa wuri ɗaya sai hoton ya dushe. A aikin Dowlati (2010) an haɗa bincike 24, aka tabbatar da cewa IL-6 da TNF sun fi yawa a jinin masu ciwon damuwa. Hannestad (2011) ya haɗa bincike 22 masu ɗauke da mutum 603 waɗanda aka auna kafin magani da bayansa, ya ga IL-1 ya ragu, IL-6 mai yiwuwa ya ragu, TNF kuwa bai motsa ba duk da cewa marasa lafiyar sun sami sauƙi. Köhler (2018) da ya sake tattarawa ya sami raguwar IL-6 da TNF, amma har da IL-10, wanda gwajin kwalba ya nuna ya kamata ya ƙaru.

Akwai dalilai da suka sa aka sami wannan saɓani. Na farko, yawancin binciken ƙanana ne, kuma ba su da rukunin masu shan ƙwayar wofi da za a kwatanta da su. Na biyu, wanda ya fara warkewa yakan dawo da barcinsa da cin abincinsa da zirga-zirgarsa, kuma kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana sauya awon jini. Saboda haka da wuya a rarrabe aikin magani da aikin samun sauƙi. Na uku, ƙiba da shan taba da shekaru suna ɗaga sinadaran kumburi, wasu magungunan ma su da kansu suna sa ƙiba.

Ganin haka sai wasu masana suka bi ta bayan gida: idan kumburi ne tushen ciwon, to maganin kumburi ya kamata ya warkar da shi. Raison (2013) ya gwada infiliksimab, mai toshe TNF, a kan mutum 60 waɗanda magungunan da aka saba ba su yi musu aiki ba. Da aka ɗauke su gaba ɗaya, bai fi allurar wofi ba. Amma a cikin waɗanda awonsu na CRP, wato wani sinadari da hanta take fitarwa lokacin kumburi, ya haura miligiram 5 a kowace lita, kashi 62 cikin ɗari sun sami sauƙi, a kan kashi 33 na masu allurar wofi. Waɗanda awonsu yake ƙasa kuwa, allurar wofi ta fi yi musu daɗi. Uher (2014) ya duba mutum 241 a Turai, ya ga masu ƙarancin CRP sun fi amfana da esitalofuram, masu yawansa kuma sun fi amfana da notirifitilin. Osimo (2019) ya ƙiyasta cewa kimanin kashi ɗaya bisa huɗu na masu ciwon damuwa ne awonsu ya haura miligiram 3. Ke nan saura kashi uku ba su da wannan alama.

Annobar korona ta ba wannan ra'ayi wata jarrabawa. Bisa wani gwaji na 2019 da ya nuna fulubokzamin yana kare ɓeraye daga mummunan kumburi, sai aka gwada shi a kan masu korona. Wani ƙaramin gwaji a Amurka a 2020 da wani babba a Birazil a 2021 sun ba da fata, amma gwaje-gwajen da suka biyo baya ba su tabbatar da amfanin ba, kuma a 2022 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta ƙi amincewa da shi domin wannan cuta.

2.5 Naɗewa

Daga bayanan da suka gabata za a fahimci cewa tarihin wannan bincike ya ratsa matakai uku. A mataki na farko an sami magungunan ba tare da an san yadda suke aiki ba, aka kuma jingina komai ga ƙwaƙwalwa. A na biyu an ɗauka ciwon yana raunana garkuwa. A na uku aka gano cewa wani ɓangare na garkuwar yana rauni a daidai lokacin da wani yake tashi. Abin da ya tabbata shi ne magungunan suna taɓa ƙwayoyin garkuwa, kuma a kwalbar gwaji galibi kwantar da kumburi suke yi. A jikin mara lafiya kuwa sauyin ƙarami ne, kuma ya bambanta daga mutum zuwa mutum. Wannan ne ya sa har yau awon jini bai shiga cikin ƙa'idojin da likitoci suke bi wajen zaɓar wa mai ciwon damuwa magani ba.

Wani giɓi da ya cancanci a ambata shi ne, kusan duk binciken da aka kawo a nan an yi su ne a Turai da Amurka da Ostireliya. A ƙasashen da zazzaɓin cizon sauro da tarin fuka suka yi yawa, kamar Nijeriya da Nijar, awon CRP yana iya hauhawa saboda waɗannan cututtuka, don haka ma'aunin da aka tsayar a can yana buƙatar a sake gwada shi kafin a dogara da shi a nan. A babi na gaba za a yi nazarin magungunan rukuni-rukuni, tare da bayanin tasirin kowane rukuni a kan limfosait da monosait.